Kama da Wane Ba Ta Wane: Salsalar Halittu Daga Tukunyar Miya Zuwa Gadon Asibiti

A kowace kasuwar ƙauye da ke tsakanin Tafoki da Sabuwa da Ƙanƙara, akan tarar da kayan miya huɗu a jere gaban mutum ɗaya: garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da lalo, da karkashi. Mai cefane ya san su da aiki guda, watau sa wa miya yauƙi yadda tuwo zai wuce ba gardama, in ya rasa wannan sai ya ɗauki wancan. Da za a ce masa ya kasa su kashi-kashi, da tuli ɗaya zai yi musu, kuma ba mai ganin laifinsa.

Amma uku ne kaɗai daga cikinsu 'yan gida ɗaya. Kuka da kuɓewa da lalo zuriya ɗaya suka fito, zuriyar da ta haɗa har da auduga da rama da yakuwa da dargaza da rimi da goro, da kokon da ake nomawa a kudu don yin cakulan. Karkashi baƙo ne a cikinsu. Ɗan'uwan riɗi ne, yauƙinsa kuwa ta wata hanya dabam kakanninsa suka same shi. Ke nan itaciyar da mutum biyar ba sa iya rungume gindinta ta fi kusa da ɗan tsiron auduga da bai wuce ƙugu ba, a kan yadda karkashi ya kusanci lalon da suke tsirowa tare a gefen gona.

Ana iya ɗaukar wannan a matsayin kacici-kacicin masana, abin hira kawai. Sai dai hanyar da ta gano shi, watau kasa halittu bisa salsala, a san wane ya fito daga wane, wa da wa suka haɗa kaka, ita ce ta fi amfani ga manomi da malamin asibiti, domin ƙwaro da cuta da dafi nasaba suke bi, ba ruwansu da kama. Duk da haka, abin da yaro ke samu a ajin farko na babbar sakandare shi ne haddar jerin matakai da sunayen Latin na halittun da bai taɓa gani ba. Kamata ya yi a juya darasin: a fara da nasaba, a kuma fara da tsirran da ke bayan aji, da sunayen da uwarsa ke kiran su da su.

Yadda ake gane dangi

Wanda ya shimfiɗa tsarin sunayen da ake amfani da shi har gobe shi ne Carl Linnaeus, mutumin ƙasar Suwidin. A shekarar 1753 ya fitar da littafin da ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin, ta farko ta gida, ta biyu ta mai sunan. Wajen kasa tsirrai kuwa ƙirga ya yi: zare nawa ne na namiji a cikin fure, nawa ne na mace. Hanya ce mai sauƙin koyo, sai dai takan tara bare da bare a ɗaki ɗaya, ta raba wa da ƙane, kuma shi kansa ya san da haka. A 1859 Charles Darwin ya kawo hujjar cewa abin da ya sa halittu ke zuwa rukuni cikin rukuni shi ne gado, don haka kasawa ta gaskiya ita ce wadda ta bi salsala. Wanda ya mayar da wannan magana aiki mai ƙa'ida shi ne Willi Hennig, Bajamushe masanin ƙudaje, a littafinsa na 1950.

Ƙa'idar Hennig ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san yadda littafi ke yaɗuwa kafin zuwan ɗab'i. A zamanin da 'Yandoto, can kusa da Tsafe, take cike da malamai da almajirai, da hannu ake juyar littafi. A ɗauka wani mai juya ya tsallake layi ɗaya bisa kuskure. Duk wanda ya juya daga nasa zai gaji wannan giɓi, haka ma wanda ya juya daga na biyun. Bayan shekara 100, in aka tara kwafi goma aka ga huɗu sun rasa layi guda a wuri guda, an san huɗun nan uwarsu ɗaya, ko da ɗaya a Katsina aka same shi ɗaya a Agadas, ko da tawada da hannun rubutu sun bambanta. Abin da duk goman suka yi tarayya a kai, kamar basmalar farko, ba ya raba komai, domin tsohon gado ne na kowa. Sabon abin da wasu suka gada, wasu ba su gada ba, shi ne shaida.

Haka lamarin yake a jikin mai rai. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai dogon rubutu da ake kira DNA, mai haruffa huɗu kacal, ana juyar sa daga iyaye zuwa 'ya'ya, lokaci-lokaci kuma akan sami tuntuɓen harafi da zai bi zuriya. Da aka iya karanta wannan rubutu, sai masana suka shiga gwama na wannan halitta da na waccan, kamar yadda ake gwama kwafin littafi. A 1998 wani gungun masana tsirrai masu fure, da ake taƙaita sunansa da APG, ya fitar da sabon tsari bisa wannan shaida, ya sake gyara shi a 2003 da 2009 da 2016. A cikin wannan tsari ne aka rushe katangar da ke tsakanin gidaje huɗu, aka mayar da kuka da goro da lalo da auduga gida ɗaya mai suna Malvaceae.

Da aka bi wannan hanya sai ta bayyana cewa kama tana yaudara ta fuska biyu. Wani lokaci bare biyu sukan yi kama saboda sun tarar da matsala iri ɗaya sun warware ta iri ɗaya. Gyaɗa da ƙwaruru, wanda Kanawa ke kira gurjiya, duka suna binne 'ya'yansu a ƙasa, amma gyaɗa daga Kudancin Amurka aka kawo ta, ƙwaruru kuwa ɗan Afirka ne da ya haɗa sunan gida da wake. Wani lokaci kuma 'yan'uwa ne ke rikiɗa har a kasa gane su. Mai ganin rema a kan dutse zai ce dangin gafiya ne ko na zomo, alhali mafi kusa da rema su ne giwa da ayu, sai dabgi daga ɗan nesa, dukkansu reshe ɗaya mai asali a Afirka da aka tabbatar a ƙarshen shekarun 1990. Gara, duk da shurinta da sarauniyarta, ba ta haɗa gida da tururuwa ba. Reshe ce daga cikin kyankyasai. Kada kuma ya fi kusa da kaza a kan damo, domin ɓawon jiki da jan ciki tsohon gado ne da ba ya raba komai.

A gona

Ƙasar Faskari ƙasar auduga ce tun da daɗewa. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar renon irin auduga a Daudawa, injinan gurza kuma a Funtuwa. Duk wanda ya noma ta ya san jan ƙwaron nan da ke zuwa gungu-gungu in ta fara fashewa, ya tsotsi 'ya'yanta, ya bar wa kaɗar tabo ruwan ɗorawa da ke karya mata daraja a wurin awo. Tambayar da ta kamata ita ce: ina yake zuwa in an cire auduga? Amsar tana cikin salsala. Yana komawa gidan dangi ne, kan kuɓewa da rama, da 'ya'yan kuka da na rimi da suka zuba a ƙasa, da na kukkuki, itacen da sunansa ma da ji ya yi kama da na kuka, kuma lalle gidansu ɗaya. Haka ma wata tsutsa mai ƙaya-ƙaya da ke huda ƙwallon auduga, ita ce dai ke huda kuɓewa.

Tsohuwar dokar gona ta tuge karan auduga a ƙone bayan girbi an yi ta ne don a yanke wa ƙwari abinci na wasu watanni. Manomin da ya bi ta, amma ya bar tsohuwar kuɓewa tsaye a gefen fadama, ya gina wa ƙwaron gada zuwa damina mai zuwa bai sani ba. Wannan ba kira ba ne a sare kuka, domin amfaninta ya ninka ɓarnar da ake dangantawa da ita. Sanin dangi dai yana gaya wa mutum inda zai sa ido. A Gana ma da masana suka bi diddigin cutar da ke kumbura rassan koko, a jikin rimi da kuka da wani goron daji suka same ta.

Manoman rani sun ga irin wannan a 2016, shekarar da tsutsar tumatir da suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har farashin kwando ya ninka sau da yawa. Asalinta Kudancin Amurka ne, kuma abincinta gidan tumatir ne: gauta da yalo da dankalin Turawa da taba, har da zaƙami na kan juji. Wanda tsutsar ta kora daga tumatir ya koma gauta a fili ɗaya bai sauya shuka ba a wurinta. Wanda ya koma albasa ko masara ko wake shi ne ya yanke mata hanya. Dankalin Hausa kuwa, ko da yake ya ara wa na Turawa suna, gidansa dabam. Ɗan'uwan duman kada ne, tsutsar ba ta damu da shi ba. Shawarar da malamin gona ke bayarwa ta a riƙa juya shuka ba ta cika ba sai ya faɗi daga wane gida zuwa wane gida.

A asibiti

A gona kuskuren nasaba dukiya yake ci. A asibiti yakan ci rai. Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa, ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane a filayen noma na Afirka ta Yamma, domin dafinta yana hana jini daskarewa. Shekara da shekaru ana rubuta ta da sunan Echis carinatus, sunan da take tarayya da wata mai kama da ita a Indiya. Har binciken da David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi a shekarun 1970 da wannan suna ya fito. Daga baya aka tabbatar ta nan jinsi ce mai zaman kanta, Echis ocellatus, binciken DNA na 2009 kuma ya nuna reshenta da na ta Indiya sun rabu tun miliyoyin shekaru. Da rassa suka rabu, dafi ma ya rabu.

Maganin sara kuwa da dafin ake yin sa: a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar dafin kaɗan-kaɗan, sannan a tace garkuwar da jinin dabbar ya samar. Garkuwar da aka hora da dafin wani reshe ba lalle ta gane na wani ba. A wani asibitin karkara a Gana, sa'ad da aka maye gurbin maganin da aka saba da wani da aka yi da dafin kububuwar Indiya, mace-mace tsakanin waɗanda aka sara sun tashi daga kashi 1.8 zuwa kashi 12.1 cikin 100, kamar yadda wani rahoto na 2008 ya nuna. EchiTAb kuwa da dafin macizan Najeriya aka yi shi, aka kuma gwada shi a Kaltungo ta jihar Gombe. Jami'in da ke sayo wa jiha magani, in ya karanta kalmar Echis a jikin kwalba ya gamsu bai duba kalma ta biyu ba, yana iya cika ma'aji da abin da ba zai tashi kowa ba.

Sauro ma haka. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban gwajin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda yanzu take jihar Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, cutar ta ragu, amma ba ta yanke ba. Daga cikin dalilan akwai abin da Mario Coluzzi, masani daga Italiya, ya nuna ta hanyar duba zaren gado a madubin likita: abin da ido ke gani sauro ɗaya, a gaskiya jinsi fiye da ɗaya ne, kowanne kuma da rassa a cikinsa, wasu suna kwana a bangon ɗaki inda feshi zai same su, wasu suna ciji su fita waje. A 2013 aka ba wani daga cikin rassan suna na kansa, Anopheles coluzzii, don tunawa da shi. Shirin raba gidan sauro ko feshi da bai san wane reshe ke yawo a gari ba yana harbi ne a duhu.

Misalin da ya fi kowanne kama da na masu juyar littafi shi ne na shan inna. A watan Agusta na 2016, bayan shekara biyu ba a ga cutar ba a Najeriya, aka sami yara biyu da ita a Gwoza da Jere ta jihar Borno. Daga ina ta fito? Da aka karanta rubutun gadon ƙwayar, sai aka ga 'yar'uwarta mafi kusa ita ce wadda aka gani a Borno a 2011. Ke nan ba daga waje aka shigo da ita ba. Shekara biyar ta yi tana yawo a wuraren da rikici ya hana masu rigakafi shiga. Wannan sani ne ya nuna inda za a karkata ƙarfi, har aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020 da aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Yankin da ƙauyukansa da yawa ba sa shiguwa a yau yana da darasi na musamman a cikin wannan labari.

Abin da masu ja ke cewa

Hujja ta farko ita ce sunaye ba sa zama wuri ɗaya, kuma gaskiya ne. Dattijon malamin daji da ya haddace bagaruwa da dakwara da gawo duka da sunan Acacia, yau an ce masa bagaruwa Vachellia ce, dakwara Senegalia, gawo kuwa tun 1934 wani Bafaranshe ya ware shi ya sa masa Faidherbia, sunan wani gwamnan mulkin mallaka na Senegal. A nan akwai abu biyu da bai kamata a cakuɗa ba. Cewa itatuwan ƙayan nan ba reshe ɗaya ba ne, shaida ce ta nuna, kuma manomi ya daɗe da sanin gawo dabam yake, tun da shi ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Amma cewa tsohon sunan ya koma wa itatuwan Ostareliya, hukuncin taro ne da aka yanke a Biyana a 2005 aka jaddada a Melbourne a 2011, masana da yawa daga Afirka kuma sun ƙi shi, suna da hujja. Suna yarjejeniya ce ta mutane, ana iya yin rashin adalci a cikinta. Nasaba kuwa ba ta sauya don an kaɗa ƙuri'a. Wannan ma dalili ne na a koya wa yaro bishiyar kafin a ɗora masa sunayen, domin wanda ya haddace suna kaɗai shi ne sauyin suna ke tsiyatawa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta cancanci a yi mata kwana ba. Salsalar halittu ta ginu ne a kan cewa jinsi yana fitowa daga jinsi a tsawon zamani, abin da ake kira juyin halitta, kuma masana wannan fanni sun sanya jikin ɗan Adam ma a cikin bishiyar, a reshen masu shayarwa, suna cewa ya haɗa kaka mai nisa da manyan birai. Mafi yawan malaman Musulunci kuwa sun tsaya a kan cewa halittar Annabi Adamu, alaihis salamu, ta musamman ce, ba uwa ba uba. Wannan saɓani ne na gaske, wanda ya ɓoye wa ɗalibi shi ya ha'ince shi. Sai dai abin da yakan faru shi ne, saboda tsoron reshe ɗaya a sare bishiyar duka: a tsallake babin, ko a ruga da shi a guje ana cewa don jarrabawa ne kawai.

Akwai masana Musulmi na wannan zamani, irin su Shoaib Ahmed Malik a littafinsa na 2021 da ya gina bisa tunanin Imam Gazali, da ke ganin mutum na iya riƙe halittar Adamu ta musamman ba tare da ya musanta nasabar sauran halittu ba. Ko an bi ra'ayinsu ko ba a bi ba, tambayar ko kuka 'yar'uwar auduga ce, ko daga ina ƙwayar Gwoza ta fito, ba ta jiran a warware wancan saɓani. Kuma sauyin da ake magana a kai yana faruwa a gaban kowa. Gero daga ciyawar daji aka hore shi a yankin Sahel, an tono burbushinsa mai kimanin shekara 4,500 a arewacin Mali, har yau kuma ɗan'uwansa na daji yana barbara da shi a haifi shibra, wadda manoman gero daga nan har Maraɗi ke tsigewa saboda tana zubar da tsaba kafin girbi. Kulorokwin da a da yake kwantar da zazzaɓi ya daina aiki, har Najeriya ta sauya shi a hukumance a 2005, domin zuriyar ƙwayar da ke jure masa ta yaɗu ta maye gurbin wadda yake kashewa. Lura da halittu da tsara su kuma ba baƙon aiki ba ne a gidan Musulmi: Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan, Abu Hanifa Dinawari ya rubuta Kitabun Nabat, duka a ƙarni na 9 na Miladiyya.

Hujja ta uku ita ce ta lokaci. A ƙasar da manomi ke biyan kuɗi kafin ya girbe gonarsa, inda a daren 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, wa ke da sukunin zancen dangin kuka? Ba mai hankalin da zai ce salsalar tsirrai ta riga tsaro. Amma rashin tsaron shi ne ya sa lamarin ya zama na gaggawa. Mutanen da suka fi kowa sanin itatuwa da ciyayin wannan yanki, maharba da makiyaya da masu saiwa da tsofaffin mata masu tsinkar ganye, su ne suka watse zuwa Funtuwa da Katsina da Zariya, inda jikokinsu ke tashi ba su san dargaza daga kukkuki ba. Daji ya gagari shiga, masu saninsa suna ƙarewa. In sunan Hausa ya mutu kafin a ɗaure shi da tsiron da yake nufi, ilimin da ke rataye da shi, na magani da na kiwo da na abincin shekarar yunwa, ya tafi ke nan.

Inda za a fara

Aikin ɗaure sunan Hausa da na Latin ba yau aka fara shi ba. A 1916 wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, har yanzu kuma masu bincike suna komawa gare shi. Abin mamaki ne a ce bayan fiye da shekara 100, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, ga ɗakin adana busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello, amma malamin sakandare a Faskari ba shi da ɗan littafi da Hausa da ya jera tsirran ƙasarsa gida-gida. Ɗalibin jami'a da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai ba sai ya shiga daji ba. Dattawan suna unguwannin bayan gari, kuma hira da su da tattara samfuri ba sa bukatar injin miliyoyi. Hukumar raya aikin gona ta jiha tana iya buga wa malaman gona takarda mai shafi ɗaya: gidan auduga, gidan tumatir, gidan wake, gidan dawa, gidan kabewa, kowanne da 'ya'yansa da ƙwarinsa. Ma'aikatar lafiya kuma ta mayar da shi sharaɗi cewa ba a sayen maganin sara sai an ga sunan macizan da aka yi shi da dafinsu, cikakke, kalma biyu.

Manhajar makaranta ita ma tana bukatar gyara. Har yanzu ana koyar da tsarin masarautu biyar na 1969 kamar shi ne ƙarshen zance, alhali tun 1977 Carl Woese ya nuna cewa ɗaya daga cikin biyar ɗin, ta ƙananan halittu marasa cibiya, gida biyu ne masu nisa da juna. Gyaran manhaja kuwa yakan ɗauki shekaru, amma malami ba sai ya jira shi ba.

A tsakiyar damina, sa'ad da kuɓewa da rama da auduga ke fure, yana iya cewa kowane ɗalibi ya zo da fure ɗaya-ɗaya, da na riɗi da na karkashi. In suka shimfiɗa su a kan benci za su ga uku na farko kowanne yana da ganyen fure biyar a buɗe, zaren namijin kuma sun haɗe sun zama sanda guda da ta lulluɓe na macen a tsakiya. Furen riɗi da na karkashi kuwa kamar bakin ƙaho suke, ba wannan sanda. Wanda ya taɓa ɗaukar farin furen kuka da ya faɗo da asuba zai tuna ya ga sandar a can ma, da tuntu a kanta. Daga nan malamin zai iya zana rassa a allo, ya tambaye su inda karkashi ya kamata ya zauna, ya bar su su yi gardama har a kaɗa ƙararrawa.